Kawu Mai Keke da Kwarkwasarsa

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda duk unguwarmu ta Zogbeli ta sani da Kawu Mai Keke, ya rasu cikin dare bayan gajeriyar jinya, aka yi masa salla bayan azahar.

Ban yi tsammanin za a taru haka ba. Ya daɗe ba ya fita ko'ina sai masallacin bakin layi, har na ɗauka gari ya manta da shi. Amma kafin a fito da gawa layinmu ya cika har titi. Yawancinsu maza ne sa'o'ina, masu furfura da tumbi, wasu suna ɗingishi saboda gwiwa. Wani ya taso daga Kumasi, wani direban tanka ya ajiye motarsa a hanya ya hau babur don kada ya rasa salla. Wani dattijo da ya taɓa tsaron baya a ƙungiyar ƙwallon da muka fi hamayya da ita ya zauna kusa da ni a benci, ya ba ni hannu.

"Sannu da haƙuri," in ji shi. "Wallahi kawunka ya wahalar da ni a zamaninsa. Yaransa ba sa barin mutum ya haɗiye miyau."

Ya fara dariya, sai dariyar ta juye masa, ya cire hula ya rufe fuska.

Matar Kawu, wadda dukanmu muke kira Mma, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Tana zaune a tabarma cikin mata, duk wanda ya durƙusa ya yi mata gaisuwa sai ta ƙura masa ido ta ce, "Kai ne gola." Ko ta ce, "Kai ne na gefen hagu, wanda ke lashe ludayi." Manyan mutane masu jikoki suna sunkuyar da kai kamar an kama su da laifi.

Da aka dawo daga makabarta, wata jikar Kawu da ke sakandare ta kawo mini ruwa, ta tambaye ni a hankali, "Baba, su wane ne waɗannan mutanen duka? Keke ya gyara musu?"

Tambayar nan ce ta sa na zauna rubutu. Yarinyar ta girma a cikin gidansa, amma ba ta san abin da ya yi ba.

Keken kam ya gyara. Tamale garin keke ne, kuma rumfarsa tana kusa da tsohuwar kasuwa, ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya. Gajere ne, baƙi, kullum da asuwaki a gefen baki. Ya buga ƙwallo yana saurayi har aka karya masa ƙafar dama, ɗorin bai zauna daidai ba, ya ƙare rayuwarsa yana jan ta. Bai taɓa mallakar usur ba. Ƙararrawar kekensa ce usur ɗinsa. Idan muna gudu yana biye da mu a kan keke, yana kaɗa ta a bayan wanda ya rage, yana cewa, "Yomyom! Yomyom!" wato maza-maza da Dagbanci. Rabin yaransa Dagomba ne, rabi 'yan zango, shi kuwa yana gauraya harsunan biyu a jimla ɗaya ba tare da ya lura ba.

A farkon shekarun tamanin ƙungiyar unguwarmu ta kusa mutuwa. Kasuwa ta bushe, sabulu da sukari sun zama abin nema da layi, samari suka yi ta tafiya Legas neman aiki. Manyan 'yan wasanmu suka tafi ɗaya bayan ɗaya, har da yayana, wanda shi ne mai cin ƙwallon ƙungiyar. Dattawan unguwa suka zauna a ƙofar masallaci suka ce a naɗe riguna a ajiye har duniya ta gyaru.

Kawu ya cire asuwaki ya ce, "Yaran fa?"

Wani dattijo ya ce, "Waɗanne yara? Waɗannan da iska za ta iya kwashewa?"

"Za su girma. Ni ku ba ni rigunan."

Aka ba shi. Haka muka shiga hannunsa, mu da ba mu wuce ƙwallon lemo a lungu ba. Rigunan suna kai mana gwiwa. Ƙwallo ɗaya muke da ita, ya yi mata faci da robar keke har ba a gane asalin kalarta. Ya sa mu a gasar yara, sannan ya ƙi janye sunan ƙungiyar daga ƙaramin rukunin gasar manya, ya ce gara a ci mu da a goge mu. Aka kuwa ci mu. Ƙarti masu gemu suna ture mu da kafaɗa, suna zura mana ƙwallo har 'yan kallo su gaji da ƙirga. Muna dawowa gida ana yi mana waƙa a hanya.

Wata rana bijimi ya kuɓuce wa mahauta, ya bi ta gaban rumfar Kawu yana watsa tiren masu talla. Washegari ya tara mu a filin firamare yana ba mu labari, idonsa na ƙyalli. Ya ce yaran mahautan da suka kama shi ba su fi mu girma ba. Babu wanda ya tare shi shi kaɗai. Ɗaya ya tsaya a gabansa, biyu suka matse shi ta gefe har ya jingina da bango, na huɗu ya jefa igiya.

"Babban mutum da ƙwallo a ƙafa haka yake," in ji shi. "In kun ba shi lokaci ya ɗaga kai, ya gama da ku. Kada ku bari ya ɗaga kai. Na kusa ya tafi kansa. Na biyu ya rufe hanyar da zai bayar. Na uku ya ɗauke."

Wani yaro ya ce, "Kawu, in mun bar wurarenmu fa, wa zai tsare baya?"

"Baya ma tasowa za ta yi. Kowa ya matso. Filin ya yi musu ƙanƙanta."

A lokacin babu ƙungiyar da ke wasa haka a yankinmu. Mai cin ƙwallo yana tsaye a gaba yana jira a kawo masa, masu tsaron baya suna can kusa da gola suna dukan ƙwallo sama. Kawu ya ɗaure tsofaffin robobin keke ya yi doguwar igiya, ya sa masu tsaron bayanmu huɗu su riƙe ta suna wasa. In ɗaya ya matsa gaba dole sauran su bi, in ɗaya ya yi nawa sai robar ta fizge shi ya faɗi. Mun sha dariya, mun kuma sha ƙasa. In ya kaɗa ƙararrawa, duk inda kake sai ka ruga wajen mai ƙwallo. Wanda ƙwallo ta ɓace a ƙafarsa shi ne na farko da zai bi ta. Wanda ya tsaya ya kama ƙugu kuwa, Kawu zai nuna masa bakin fili ya ce, "Wurin 'yan kallo can ne, je ka zauna, kyauta ne."

Ba a daɗe ba manya suka fara jin haushinmu. Mutum zai tare ƙwallo, kafin ya juya yara uku sun rufe shi, ya buga ta waje yana zagi. Wani ɗan kallo ya yi ihu cewa waɗannan ai ba yara ba ne, kwarkwasa ce. Sunan ya bi mu.

Sai shekarar yunwa ta zo. Ruwa ya ƙi sauka, gobarar daji ta cinye gonaki, doya ta ɓace daga kasuwa. Ƙasusuwan wuyan mutane suka fito. A gidanmu sau ɗaya ake ɗora tukunya, da jar masarar taimako wadda da ko kaji ba ma ba su. Wasan da Kawu ya koya mana kuwa gudu ne daga farko har ƙarshe. Wata yamma muna atisaye golanmu ya yi tsalle ya kama ƙwallo, bai tashi ba. Sai da aka yayyafa masa ruwa.

Mahaifiyata ta je rumfar Kawu da kanta. Ita ce babba, ita ta goya shi, ba ta jin nauyin faɗa masa magana.

"Abin da yaran nan ke ci bai isa ya kai su makaranta ya dawo da su ba," in ji ta. "Kai kuma kana ƙona shi a fili. So kake ka kashe wa mutane 'ya'ya?"

Kawu ya ajiye sifana ya ce, "Gaskiyarki, Yaya. Daga yau babu gudu sai da abinci."

Ta ɗauka ya haƙura ke nan. Ashe shi abincin ya tafi nema. Yana da aboki Bafulatani da ke da ruga a bayan unguwar Kanvili, inda a lokacin daji ne. Shi ma yana cikin tasa wahalar: shanu sun rame, ciyawa ta ƙone, 'ya'yansa sun tafi da rabin garke kudu, babu mai hawa bishiya ya saro ganye ko ya jawo ruwa daga rami. Kawu ya ce masa, "Ina da hannuwa, kana da nono." Suka daidaita. Ran da babu makaranta muna tafiya can da sassafe, biyu-biyu a kan kekunan da masu su ba su zo karɓa ba. Mu sari ganye, mu ɗebi ruwa, matar Bafulatanin ta cika mana jarka da ɗan nonon da aka samu. Mma ta dama kokon jar masara a babbar tukunya, ta zuba nonon a ciki, mu jeru a tsakar gida da kofunanmu.

Dokar Kawu ita ce duk yaron da ya zo zai sha, ko ya iya ƙwallo ko bai iya ba. Akwai wani yaro mai shan inna da yake bin mu ko'ina da sanda. Wani daga cikinmu ya yi gunaguni cewa shi ai ba ya gudu. Kawu ya karɓi kofin mai gunagunin ya riƙe, ya ce sai ya je ya ba yaron haƙuri. Daga ranar ya ɗora wa yaron aikin kallon abokan hamayya ya faɗa mana wa ke jin tsoron ƙwallo a cikinsu. Shi kansa Kawu ban taɓa ganin ya sha kokon ba. Yana zaune a kan keke da asuwakinsa, wandonsa ɗaure da roba saboda ya yi masa yawa. In an miƙa masa ya ce ya ci a rumfa. Mma ta ce daga bakin murhu, "Ku ƙyale shi, asuwaki ya ci."

Ba mu rasa yaro ko ɗaya ba a shekarar. Da damina ta dawo, muka daina hawa keke zuwa ruga, muka koma gudu, Kawu na bayanmu da ƙararrawa.

A wannan shekarar ce kuma aka koro mutanenmu daga Najeriya. Yayana ya sauko daga bayan lori da jaka ɗaya. Duk abin da ya tara ya bari a can, sai takalman ƙwallo na gaske masu ƙusa, irin waɗanda ba mu taɓa taɓawa ba. Ya dawo ba ya magana da kowa, yana kwana a ɗaki har rana ta take. Ƙwallo kaɗai ke tashinsa. Unguwa ta yi murna, aka ce mai ci ya dawo, yanzu yaran Kawu sun sami wanda zai ƙarasa musu aiki.

Ya kuwa iya. Ban taɓa ganin wanda ke tare ƙwallo da ƙirji kamarsa ba. Amma a atisayen farko ƙwallo ta ɓace a ƙafarsa, Kawu ya kaɗa ƙararrawa, duk muka ruga, shi ya tsaya yana gyara safa.

"Kai, ba ka ji ba?" in ji Kawu.

"Na ji, Kawu. Ni aikina ci ne. Su ƙwato su kawo mini."

"A nan kowa ƙwatowa yake."

"A Legas na buga da mutanen da ake jin sunansu a rediyo. Ba wanda ya taɓa cewa in bi ƙwallo kamar karen farauta."

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "In mutum ɗaya ya tsaya, gudun goma ya tashi a banza. Yaran nan da cikin koko suke gudu. Ba zan ce musu kai ka fi su ba."

Ranar wasa ya bar shi a benci, ya sa wani yaro mai shekara sha biyar a wurinsa. Yayana ya cire riga a gaban jama'a ya ajiye a kan sirdin keken Kawu, ya fita daga fili.

Rigimar ta koma gida. Mahaifiyata ta aika aka kira Kawu, ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Yaron nan ya dawo ba shi da komai," ta ce. "An kore shi kamar ɓarawo, an raba shi da kayansa. Abu ɗaya ya rage masa da zai ɗaga kai da shi a garin nan, kai kuma kawunsa ka ƙwace."

"Ban ƙwace ba, Yaya. Gobe ya zo ya yi gudu, rigarsa na nan."

"Ɗana ne. Ɗanka ne."

"Sauran ma 'ya'yan mutane ne. Iyayensu sun ba ni su a shekarar da ba su da abin ba su."

Ta ce ya tashi ya bar mata gida. Ya tashi. Daga ranar ta daina aika masa tuwon da take aikawa duk Juma'a tun kafin ya yi aure. Shi kuwa bai fasa ba, kullum da safe zai tsaya a ƙofar gidanmu da kekensa ya yi sallama ya ce, "Yaya, ina kwana?" Ba ta amsawa. Ya jira kaɗan, ya hau keke ya wuce. Haka suka yi har shekaru suka juya.

Yayana ya koma ƙungiyar wani Alhaji mai manyan motoci, wanda ke ɗauko 'yan wasa daga kudu yana ba su ɗaki da abinci. Mu kuma muka ci gaba da girma. Rigunan suka zo daidai jikinmu, sannan suka matse mu. Kawu ya riga ya tara wasu ƙanana a bayanmu, suna koyon igiyar roba tun suna firamare, don haka in ɗaya ya ji ciwo akwai wanda ya san aikin wurinsa. Muka daina shan kashi, muka fara canjaras, muka fara ci. Filin firamare ya daina ɗaukar 'yan kallonmu. Mutane suna tahowa da ƙafa tun daga unguwar Jisonayili don su ga yadda yara ke sa manya buga ƙwallo waje. Wani rafali ya taɓa tsayar da wasa ya ce a fitar da keken Kawu daga bakin fili saboda ƙararrawa na rikita shi. Kawu ya fitar da keken, ya kwance ƙararrawar ya dawo da ita a aljihu.

A ƙarshe aka zo kakar da ƙungiya ɗaya ce za ta hau rukuni na gaba, kuma wasan ƙarshe tsakaninmu ne da ƙungiyar Alhaji. Su canjaras ya ishe su. Mu sai mun ci.

Ni ina tsakiya a lokacin. Ana gobe wasa Kawu ya kira ni rumfa bayan la'asar, yana ɗaure wayar taya.

"Gobe kai ne na farko a kan yayanka," in ji shi.

Na ce, "Kawu, ka sa wani."

"Wa ya fi ka saninsa? In ya tare da ƙirji ina yake juyawa?"

Ya ci gaba da aikinsa bai dube ni ba. Can na ce, "Hagu. Kullum hagu."

"To. Kai ka tsaya a damansa ka tura shi inda yake so. Biyu na jiransa a can. Kuma kada ka taɓa masa ƙafa. Ƙwallo na aike ka."

Da safen wasa mahaifiyata ta zuba mana shinkafa da wake a kwano ɗaya, ni da yayana, kamar yadda ta saba. Muka ci. Ta ce ita ba za ta je kallo ba, duk wanda ya dawo da kuka kada ya shigo mata ɗaki.

Rabin farko nasu ne. Sun fi mu tsawo da ƙarfi, kuma sun yi shiri, suna jefa ƙwallo ta samanmu. Sau ɗaya na makara, yayana ya tare da ƙirji, ya juya hagu kafin na biyu ya iso, ya buga ta shiga raga. Magoya bayan Alhaji suka kaɗa gangunansu. Da aka tafi hutu muka zube a ƙasa, wasu na hawaye. Kawu ya tsuguna a tsakiyarmu.

"Ku daina kallon ƙasa. Ku kalle su."

Muka duba. 'Yan wasan Alhaji suna kwance a inuwa, ƙirazansu na hawa da sauka, ana zuba musu ruwa a ka.

"Sun ba da abin da suke da shi. Ku kuwa daga nan zuwa ruga ko rabi ba ku yi ba. Ku matso gaba. Kada golansu ma ya sami lokacin ɗaga kai."

Muka koma muka matse su a rabinsu. Mai tsaron bayansu ya karɓi ƙwallo daga gola, ya ga yara biyu sun nufo shi, ya juya zai mayar, na uku ya riga shi. Muka rama. Daga nan ƙafafunsu suka yi nauyi. Yayana ya gaji da jira a gaba babu mai kawo masa, ya sauko tsakiya neman ƙwallo. Aka jefo masa, ya tare da ƙirji. Na manne a damansa, ya juya hagu, ya tarar da mutum biyu. Ƙwallo ta fito tsakanin ƙafafu ta faɗo gabana, na ɗauke ta na ruga.

Sai na ji numfashi a bayana. Yayana ne. Mutumin da ya bar ƙungiya don kada ya bi ƙwallo, shi ne yake bina da dukan ƙarfinsa, tun daga tsakiya har bakin da'irar gola. Ya kusa cim mini sai na tura wa na gefen hagu, shi kuma ya zura. Ina juyawa don murna na ga yayana a ƙasa, ƙafarsa ta faɗa wani rami ta lanƙwashe.

Ba a ƙara ci ba. Da rafali ya busa tashi, jama'a suka ɓalle cikin fili suna ihun "Kwarkwasa! Kwarkwasa!" Aka ɗaga mu sama, aka yi ta neman Kawu a ɗaga shi, ba a gan shi ba. Yana can bakin fili inda aka ajiye yayana a kan tabarma, mutanen Alhaji sun shiga motarsu sun tafi. Na kutsa na isa wurin. Kawu ya ce in kama masa, muka ɗora shi a kan sirdi, Kawu ya riƙe kan keken yana turawa da gurguwar ƙafarsa, ni ina tallafe da bayan yayana. Muka bar murna a baya muka nufi gidan mai ɗori.

Muka yi nisa da fili. Sai Kawu ya ce, "Na ga gudun nan."

Yayana ya cije baki.

"Ashe ka iya. Ni kaɗai ka hana."

"Kawu, don Allah ka yi shiru, ƙafa na ciwo."

"Na sani," in ji Kawu. "Na san ciwon nan."

Shi ya riƙe shi aka ja ƙashin. Ya tsaya a kan mai ɗorin ya ce a sake dubawa, a daidaita, shi ba zai yarda a yi wa yaron irin nasa ba. Ƙungiyar Alhaji ba ta sake aiko kowa ba. Kawu ne ke zuwa kullum ya ɗauke shi a keke ya kai shi a gasa ƙafar, ya dawo da shi. Wata Juma'a da safe ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Yaya, ina kwana?" Daga cikin ɗaki mahaifiyata ta ce, "Lafiya lau. Ka turo a karɓi tuwonka, kwanona ba ya tafiya da kansa." Yayana bai sake buga gasa ba, amma ƙafarsa ta miƙe sarai, har yau ba ya ɗingishi.

Hawan da muka yi shi ya jawo mana ido. Kafin a fara sabuwar kaka, mutane masu manyan riguna suka fara zuwa daga Kumasi da Ankara babban birnin ƙasa suna tambayar gidajen iyayenmu. Suka ɗauki gola, suka ɗauki na gefen hagu, suka ɗauki biyu daga cikin masu riƙe igiya. Iyaye ba su da dalilin ƙi, Kawu kuma bai hana kowa ba. Shi ya raka su tasha ɗaya bayan ɗaya, yana gaya wa kowanne ya riƙe salla, kada kuma ya tsaya kama ƙugu a filin mutane. Mu da muka rage ranmu ya ɓaci. Na same shi a rumfa na ce, "Kawu, mun yi shekaru muna ginawa, sun zo sun kwashe cikin wata ɗaya. Da me za mu shiga rukunin da muka hau?"

Ya ce in zo fili gobe da yamma.

Na je na tarar da shi a tsakiyar wasu yara da ban taɓa gani ba, ƙanana ƙwarai, wasu ba wando, wani ƙwallo ta kai masa gwiwa. Ƙannenmu da ya daɗe yana koyarwa suna gefe sanye da rigunan waɗanda suka tafi, rigunan na kai musu cinya. Yayana na zaune a kan dutse da sandarsa, yana nuna wa wani yaro yadda ake buɗe ƙirji.

Kawu ya hango ni ya ce, "Waɗancan sun gama, Allah ya ba su sa'a. Waɗannan na gefe su za su buga bana, za a ci su, sannan su daina ciwuwa. Kai zo ka kama mini wannan, bai san hagunsa da damansa ba."

Na tuɓe takalmi na shiga.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya ba Mma da 'ya'yansa haƙuri, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.